Rabin eriya a ƙasa yake

Ranar da muka shigo gida da bututun alminiyam a kafaɗa, ni a gaba ƙanena a baya, mai gidan da nake haya yana zaune kan bencinsa a bakin ƙofa. Dattijon Bayerabe ne, amma ya daɗe yana harkar goro da mutanenmu a nan Agege, ba a sayar da shi da Hausa. Ya bi bututun da ido daga wannan baki zuwa wancan, ya ce, "Malam, tuta za ka kafa mini a gida?"

Na rusuna na ce, "A'a Baba, eriya ce."

"Ta talabijin?"

"Ta rediyo, Baba. Irin wadda ake magana da ita, ba saurare kaɗai ba."

Ya ɗan yi shiru yana tauna goronsa, sannan ya ɗaga yatsu biyu. Kada ta taɓa wayar wuta, kada kuma ta jawo masa aradu. Na ce in sha Allahu, na wuce ina murmushi, a raina ina cewa tsoro ne irin na tsofaffi.

Son rediyo gado na yi. A Zariya mahaifinmu yana da wani akwatin rediyo da ba mai taɓa shi sai shi. Ya ɗaura wa eriyarsa siririyar waya ya rataya a reshen darbejiya, kullum yana murɗawa tsakanin mita 16 da 19 da 25 yana neman Landan ko Jamus. Na tashi ina jin "mita kaza a gajeren zango" ban san me ake aunawa ba, sai da na shiga harkar rediyon 'yan sha'awa, na yi karatun, na karɓi lasisi da lambar kira mai farawa da 5N, wadda duk duniya aka san ta Nijeriya ce. Ashe mitar nan tsawon taku ɗaya ne na igiyar sigina, kuma da ita ake yanka eriya kamar yadda tela yake yanka yadi da awon mutum.

Na sami rediyo mai wat 100, na hannu, wato wanda wani ya riga ya yi amfani da shi. Saura eriya. Wadda aka fi saba yi, mai kwanciya, tana son fili mita goma da wurin ratayawa biyu masu tsayi idan a mita 20 za ka yi magana. Wanda ya san gidajen haya na Agege ya san wannan mafarki ne. Tsakar gidanmu ko akuya aka ɗaure sai an yi shawara. Shi ya sa na zaɓi mai tsayuwa, sanda guda, wuri guda.

Lissafin ba wuya. Zangon mita 20 na 'yan sha'awa yana tsakanin megahaz 14 da 14.35. Ka raba 300 da 14.2, wato wajen tsakiyar zangon, ka sami tsawon taku ɗaya na igiyar, mita 21 da ɗoriya. Rubu'in wannan ake so, wato mita 5 da santimita 28, sai a rage kamar kashi 5 cikin ɗari domin ƙarfe kan yi aiki kamar ya fi tsawonsa na gaskiya. Ya dawo mita biyar ke nan. Na sayi bututu biyu, ƙarami yana shiga cikin babba, na tsaga bakin babban da zarto na matse shi da kilif ɗin tiyon mota, yadda zan iya ƙara tsawo ko in rage ba tare da na sake yanka ba. Gindin sandar bai kamata ya taɓa ƙarfen da ke riƙe da shi ba, don haka na nemi abin da zai raba su. Ban sami wanda ya fi allon roba mai kauri na yankan nama ba, kuma guda ɗaya ne a gidan. Uwargida ta tarar ina huda shi da injin huji, ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Baban yara, na kicin ɗina ne fa." Na saya mata biyu washegari, amma har yau in maganar eriya ta taso sai ta ce ai tana da hannun jari.

Wayar da ke kai sigina daga ɗaki zuwa eriya, kowaks, nan ne aka fara yi mini sakiyar da ba ruwa. A wani shago aka ba ni wayar dish ta talabijin aka rantse ita ce. Waccan om 75 ce, rediyonmu kuwa om 50 yake so (om shi ne awon turjiyar da sigina ke tararwa a waya ko eriya). Banda haka, da na fere ta da wuƙa na ga saƙar da ke lulluɓe da zuciyarta ba ta fi gashin gemun saurayi ba, ita kanta zuciyar da na kanga mata mayen ƙarfe sai ta manne, jan ƙarfen shafe ne kawai a kan baƙin ƙarfe. Sai da na ɓata rana guda na je Alaba kafin na sami RG-213 ta gaske, mai kauri kamar ɗan yatsa. Tun daga nan ba na zuwa sayen waya ba wuƙa da mayen ƙarfe a aljihu.

A bayan gida akwai wani ɗan lungu tsakanin katanga da ƙafar tankin ruwa inda ba a zuba siminti ba. Nan na kafa sandar. Na san littafi ya ce eriya mai tsayuwa tana buƙatar ƙasa, to ga ƙasa. Na buga rodin at, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don wuta ta bi ta nutse, mai tsawon ƙafa huɗu, na haɗa zuciyar kowaks da sandar, saƙarta kuma da rodin. Na jona ƙaramar na'urar awo, NanoVNA, ta nuna mini SWR 1.1. Ga wanda bai sani ba, SWR shi ne awon yadda eriya take karɓar wutar da rediyo ya turo mata ba ta mayar da ita baya ba, kuma 1 shi ne mafi kyau. Na yi hamdala, na ɗauki hoton allon na tura wa abokai, na ce aiki ya ƙare a wuni ɗaya.

Dare uku ina kiran CQ, wato kiran duk mai ji ya amsa, kamar an shuka dusa. Ina jin mutanen Turai can ƙasa-ƙasa, in amsa musu, su ci gaba da hirarsu kamar ba ni a duniya. Waɗanda suka ji ni su ne maƙwabtana. Duk na danna makirufo sai sifikar yaron ɗaki na uku ta yi gurnani da muryata. A dare na uku kuma ƙarfen makirufon ya taɓa leɓena ina magana, na ji kamar rina ta harbe ni.

Akwai wani dattijo a Idi-Araba, tsohon injiniyan sadarwa da ya yi ritaya, wanda ya riga ni shiga harkar nan tun ban san hannun damana ba. Baba Injiniya muke ce masa. Na roƙe shi ya zo ranar Lahadi. Ya tsuguna a lungun, ya dubi rodin, ya dubi katanga, ya karɓi hoton da nake alfahari da shi ya kalla.

"Ɗana, eriyar rubu'in zango idan ƙasarta ta yi kyau om nawa take nunawa?"

Na ce hamsin.

"Talatin da shida. A wannan rami da katanga da tanki suka kewaye ma ba za ta kai haka ba. Kai kuma ka ga hamsin cif. To ragowar daga ina suka fito?"

Ban da amsa. Ya dangwala yatsa a ƙasa. Ya ce asara ce na auna na ɗauka riba ce. Sandar da ke tsaye rabin eriya ce, ɗaya rabin shi ne hanyar da wutar za ta bi ta komo gindi, ni kuma na bar mata jar ƙasa da rodi ɗaya, sai ta riƙa narkewa a ciki tana zama zafi. "Tsutsotsi kake wa ɗumame," in ji shi. Abin da bai narke ba kuma ya biyo bayan kowaks ya shigo ɗaki, shi ne ya ciji leɓena ya shiga sifikar maƙwabci.

A nan ya warware mini abin da ya ruɗa ni tun farko. Kalmar at ɗaya ce a bakinmu, amma abu uku ake nufi. Akwai na sigina, kuma wannan ba rodi ba ne, wayoyi ne da ake shimfiɗawa daga gindin eriya kamar saiwar bishiya, radiyal ake ce musu. Akwai na aradu, wanda shi ne rodi da waya mai kauri. Akwai na wutar gida, wanda ke hana firji ko famfo jan mutum. Na ɗauki na biyu na sa shi aikin na farko, na uku kuwa ko tunaninsa ban yi ba.

Idan a ƙasa eriya take, saiwoyin nan da yawa ake so, sha shida ko fiye, ko'ina a baje. A gidan da aka shafe da siminti da intalok ba inda za su kwanta. Amma idan aka ɗaga ta sama, huɗu sun isa, muddin kowace an yanka ta daidai rubu'in zango. Baba Injiniya ya ɗaga kai ya dubi saman gidan. Benen namu irin na Legas ne da aka zuba dekin aka bar rodi a tsaitsaye ana jiran kuɗin hawa na gaba, shekara da shekaru. Ya ce can za ta.

Sai na koma wurin mai gida. Ya hau da kansa, yana hutawa a kowace matakala biyar, ya tsaya ya nuna mini wayoyin wuta da suka bi ta gaban gidan. Na riga na yi lissafi: fayif ɗin ƙarfe mita uku, sanda mita biyar a kansa, takwas ke nan. Na auna daga kusurwar baya zuwa wayoyin da tef a gabansa, ya haura ninki biyu na haka, ko ta wane gefe ta faɗi ba za ta kai ba. Wannan ba wurin ganganci ba ne. Alminiyam a hannu, ƙafa a kan dekin mai laima, taɓawa ɗaya ta isa a yi wa mutum salla. Ya ce ya yarda da sharaɗi na farko, saura na biyu.

Mun ɗaga ta ranar Asabar bayan sallar asuba kafin iska ta tashi, ni da ƙanena da wani maƙwabci mai sayar da shayi. Mai walda ya riga ya yi mana maɗauri a jikin ginshiƙi. Igiyoyin nailan uku suka riƙe ta ta tsakiya. Saiwoyi huɗu na wayar wuta ta gida suka sauko daga gindinta a karkace, kowace an ƙarasa ta da igiya zuwa gefen dekin. Karkatar da su ba ado ba ne, shi ke ɗaga om 36 ɗin nan ya matso kusa da 50, a wannan karon ba tare da asara ba. Muna cikin ɗauri jirgi ya sauko ta kanmu zai sauka Ikeja, mai shayi ya ce yanzu sai in riƙa gaisawa da direbobin jirgi. Na ce masa layinsu daban namu daban, wanda ya shiga nasu kuwa ba lasisi kaɗai zai rasa ba.

Awon farko ya nuna ta fi son megahaz 13.7, wato ta yi tsawo. Kashi ɗaya cikin ɗari na tsawo yana motsa ta kusan kashi ɗaya cikin ɗari, don haka wajen santimita 18 za a rage. Na ƙi ragewa a tashi ɗaya. Sau huɗu muna kwantar da ita muna tayarwa, har ƙanena ya ce, "Yaya, in ka sake cewa saura kaɗan zan sauka." Ta tsaya a 1.3 a tsakiyar zangon. Bai kai 1.1 na lungu kyan gani ba. A gindinta na sa abin da zai hana sigina biyo bayan kowaks, guntuwar siririyar kowaks da na naɗa sau goma sha biyu a zoben ferait, na rufe a gwangwanin roba. Mahaɗar kuma na naɗe ta da tef mai narkewa ya haɗe da kansa, na bi da salatif baƙi daga ƙasa zuwa sama yadda ruwa zai gangara bai sami baki ba. Ruwan Legas in ya shiga kowaks ba ya fita, sai dai ka ga saƙar ta yi baƙi.

Aikin at na aradu shi ya fi cin rai, kuma ba wanda zai gan shi ya yaba. Na kira wani yaro mai wayarin, ɗan Katsina, da ke yi wa unguwa aiki. Muka sayi rodi biyu masu ƙafa shida, na kankare kowanne da wuƙa a shagon don in ga kaurin jan ƙarfen da aka lulluɓa masa. Kafin a ɗaga intalok ko ɗaya sai da mai gida ya nuna mana ta inda bututun sokawe da na burtsatse suka bi. Muka haƙa ɗan rami, muka zuba ruwa bokiti biyu ya jiƙa, aka ɗora guntun katako a kan rodin don kada guduma ta fasa masa kai. Ƙafa huɗu na farko sun shiga kamar a tuwo. Biyun ƙarshe sun ci mana awa guda da fatar tafin hannu. Na biyun muka buga shi nesa da na farko da ƙafa goma sha biyu, domin rodi biyu a manne kusan ɗaya ne, ƙasa guda suke rabawa.

Sai yaron ya kwance buhu: gawayi da gishiri. Na ce gawayi dai, gishiri a'a.

"Haba Alhaji, haka ake yi ko'ina. Gishiri shi ke sa at ya kama."

Gaskiyarsa ta wani gefe, gishiri yana sa ƙasa ta fi ɗaukar wuta. Amma damina biyu ta wanke shi, kafin ya tafi kuma ya ci rodin da wayar. Muka yi ta ja, ya ce shi ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Na ce to mu je mu duba at ɗin gidan tukuna, tunda dole sai mun haɗa shi da namu.

Dalilin zuwa duba shi ma wani abu ne da ya faru da safiyar. Na riƙe wayar sabon rodin da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya taɓa bakin kowaks da ke jone da rediyo, na ji wani zirr har gwiwar hannu. Na sa mita tsakaninsu, ta nuna bolt ɗari da 'yan kai, kusan rabin 230 na gida. Irin wannan yoyo ne daga na'urar da ke ba rediyo wuta, kuma da at ɗin soket yana aiki da ya shanye shi ba wanda ya ji. Muka bi koriyar wayar daga wurin mita har inda ta nutse a ƙasa. Yaron ya ɗan ja ta don ya ga ƙarfinta, sai ga ta a hannunsa, bakinta ya zama kore shar yana marmashewa. Da muka tona, abin da ya rage na tsohon rodin bai fi tsinken tsire ba, ga burbushin gawayi kewaye da shi. Yaron ya juya wayar a hannunsa, ya ɗaure bakin buhun gishirinsa bai ce uffan ba.

Na kira mai gida ya gani. Ya riƙe haɓa, ya ce shi ya sa matan gidan suke cewa famfon burtsatse yana jan su in ƙafarsu da ruwa, shi kuma yana cewa raki ne. Gida mai ɗaki goma sha biyu, Allah kaɗai ya san shekara nawa ba at. A take ya ce a sayo rodi na uku a kuɗinsa.

Daga fayif ɗin eriya muka sauko da wayar jan ƙarfe mai kauri, a miƙe ta bayan gini, ba lanƙwasa mai kaifi, domin aradu ba ta son kwana, in ta tarar da ita tsallakewa take yi ta nemi wata hanya. Ba mu yi amfani da dalma a mahaɗa ba, zafin aradu narkar da ita zai yi, matsewa muka yi da maɗaurin tagulla. Inda jan ƙarfe zai haɗu da alminiyam na raba su da wosha marar tsatsa na shafe da giris, don in suka haɗu kai tsaye a iskar nan mai gishirin teku, alminiyam ɗin ne zai zama gari. Sannan rodi ukun duka muka ɗinke su da waya ɗaya ta ƙarƙashin intalok. Wannan ɗinkin Baba Injiniya ya fi nanata shi a tarho. Idan aradu ta sauka kusa alhali at ɗin eriya daban na gida daban, ɗaya zai yi sama ɗaya yana ƙasa, bambancin kuma sai ya nemi gada. Gadar ita ce rediyonka, ko kai da ke riƙe da shi. A bakin tagar da kowaks ke shiga ɗaki na kafa farantin jan ƙarfe da ƙaramin makarin aradu, shi ma na haɗa shi da rodi mafi kusa da guntuwar waya.

Daren Talata, wajen ƙarfe bakwai, na kira CQ sau biyu. Wani mutumin Italiya ya dawo mini da lambata harafi bayan harafi, ya ba ni 5 da 7, wato makin fitar muryata da ƙarfin siginata, inda 5 da 9 ne mafi kyau. Na rasa abin faɗa, na ce masa 5 da 9 ko allon ban duba ba. Muna yin sallama sai na ji kira ya barke, mutum biyar ko shida a kan juna, domin ba kullum suke jin 5N ba. Can dare ya yi na sami Brazil, ta kan teku ba abin da ya tare. Sifikar ɗaki na uku shiru, leɓena lafiya.

Abin da eriyar ba ta magance ba shi ne hayaniya. Mai tsayuwa kwashe-kwashe gare ta, kuma unguwarmu in an ɗauke wuta kowane gida da janaretansa, in an kawo kuma inbata da cajar waya da ƙwan fitila masu araha su karɓa. Na bi ɗakina ina kashe abu ɗaya-ɗaya, na kama ƙwai biyu da caja ɗaya na jefar. Na maƙwabta ba yadda na iya, sai dai in tashi kafin asuba lokacin da gari ya yi tsit. Wata rana kuma SWR ya haura 3 ba dalili, na hau dekin a guje, na tarar da zannuwa biyu jiƙaƙƙu a shanye a kan saiwa ɗaya. Ban ga laifin mai su ba, waya ce a miƙe a inda aka saba shanya. Amma bakin saiwar nan yana ɗaukar wuta mai ƙuna in ana magana, don haka na ɗaga ƙarshensu sama da kai, na kuma ɗaura wa matan gidan igiyar shanya sabuwa a ɗaya gefen.

Hadarin farko na watan Afrilu ya taso da la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin. Duk da rodi uku da makari, na kwance kowaks daga rediyo na fitar da bakinta waje, na zare filogi daga bango, don ban ga makarin da zan ba amanar rediyona a saukar aradu kai tsaye ba. Aka yi ta tsawa har bayan isha, taga tana girgiza. Da safe na hau na duba. Sandar tana tsaye, igiya ɗaya ta saki, noti guda da na yi ƙwauron saye na sa na baƙin ƙarfe ya riga ya yi ja da tsatsa, sati shida kacal. Na sauko zan je neman marar tsatsa, na tarar da Baba a kan bencinsa.

"Malam, tutarka ta kwana?"

"Ta kwana lafiya, Baba."

Ya gutsiri goro ya miƙo mini rabi. Ya ce in na ga yaron nan ɗan Katsina in turo masa shi, yana da wani gida a Iyana Ipaja da yake so a tona a duba, kuma in gaya masa kada ya zo da gishiri.